Kifin da Ya Ƙi Cin Abinci: A Fara Tuhumar Ruwa

A unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni, kamar sauran sassan birnin Kano, kiwon kifi ya shiga gidaje. Wani ya gina kwarmin siminti a bayan gida, wani ya kafa tankin tamfol ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, wani kuwa akwatin gilashi ya ajiye a falo domin ado. Dukkansu kukansu ɗaya ne a makon farko: an kawo kifi lafiya lau, ya ƙi cin abinci. Abin da yawancin mutane kan yi shi ne su ƙara watsa abinci, ko su sake wani iri. A nawa ra'ayin wannan shi ne kuskure mafi girma a kiwon kifi, kuma ba wanda zai bayyana mana dalili kamar wani ɗan kifin teku da ya yi suna wajen ƙin abinci, wato ƙaramin kifin zaki.

Masana suna kiran jinsin wannan kifi Dendrochirus. Yana zaune ne a Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik da kuma Bahar Maliya, a tsakanin duwatsun ƙarƙashin ruwa. Nau'in da aka fi kiwo bai cika wuce santimita 17 ba, wato kamar tsawon tafin hannun babban mutum. Yana da ratsi-ratsi na ja da ruwan ƙasa, da fikafikai biyu masu faɗi kamar maficin kaba, sannan a gadon bayansa akwai ƙayoyi 13 masu dafi. Mafarauci ne na almuru da dare. Yakan laɓe har jatan lande ko ƙaramar ƙaguwa ta gifta, sai ya buɗe fikafikansa ya tare mata hanya, ya zuƙe ta da baki cikin ƙiftawar ido.

To, mai karatu ya duba halin da irin wannan kifi yake ciki ranar da ya iso hannun mai kiwo. Kusan duk wanda ake sayarwa daga teku aka kamo shi, ba a tanki aka haife shi ba. An ɗaure shi a leda, ya yi tafiya a jirgin sama cikin duhu, sannan aka juye shi a akwatin gilashi mai fitila, ga mutane suna leƙe. A duk rayuwarsa bai taɓa cin abin da ba ya motsi ba. Idan aka jefa masa busasshen abincin kanti, a wurinsa daidai yake da tsakuwa. Saboda haka ƙwararrun masu kiwo sukan ƙyale shi kwana biyu ko uku, su rage haske, su tanadar masa kogon da zai ɓuya. Lafiyayyen kifin zaki yakan jure mako guda, har fiye, ba tare da ya ci komai ba. Bayan nan sai a sakar masa ƙananan jatan lande masu rai da yamma. Idan ya saba, sai a soke yankan jatan landen teku ko naman kifin teku a kan siririn tsinke, a riƙa kaɗa shi a hankali a gabansa har ya ɗauka mai rai ne. Wannan horo yakan ci makonni. Da ya karɓa kuwa, sau biyu ko uku a mako ya ishe shi.

Akwai wata gajeriyar hanya da wasu kan bi, wadda ƙarshenta hasara ce: su riƙa ba shi 'yan kifayen ruwan daɗi masu rai, irin jajayen kifayen adon nan. Zai cinye su da marmari. Sai dai jikinsu yana ɗauke da wani sinadari mai suna tiyaminez, wanda ke lalata bitamin B1, kuma kitsensu ba irin wanda kifin teku ke buƙata ba ne. Bayan watanni sai kifin ya raunana, mai shi yana mamaki, alhali kullum yana ganinsa yana ci.

Duk wannan dabara ba ta da amfani idan ruwan bai yi daidai ba, kuma a nan nake son malamai da ɗalibai su tsaya. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai magniziyom da kalsiyom da fotasiyom a ciki. Kifin teku yana shan wannan ruwa, yana fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Idan yawan gishirin ya yi ta hawa da sauka, ƙarfin jikinsa zai tafi wajen daidaita kansa, sha'awar abinci kuwa ita ce farkon abin da zai rasa. A Kano wannan ba ƙaramar matsala ba ce. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana tsotse ruwan akwati da sauri, ta bar gishirin a ciki, don haka da ruwan daɗi ake cikawa, ba da na gishiri ba. A bazara kuma zafin rana yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, alhali kifin yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 27. Ga kuma injin tace ruwa da na hura iska, waɗanda ba sa son ɗaukewar wuta ko ta 'yan awoyi.

Shi ya sa ban ga dalilin da zai sa mazaunin Kano ya ɗauko wa kansa wannan kifi ba, sai fa wanda ke da wutar sola tsayayyiya, da kayan gwajin ruwa, da hanyar samun abincin teku a kai a kai daga Legas, mai nisan kusan kilomita 1,000. Ga kuma dafin. Sukar ƙayarsa tana da raɗaɗi ƙwarai. Taimakon farko shi ne a tsoma wurin a ruwan zafi daidai jurewar fata, domin zafi yana karya dafin, sannan a garzaya asibiti. Gida mai ƙananan yara ba wurinsa ba ne.

Amma darasin nasa yana nan a tankin tarwaɗar da ke bayan gidanmu. Kifi yana fitar da amoniya cikin ruwan da yake zaune, abincin da bai ci ba ma yana ruɓewa ya zama amoniya. A tankin da ya kwana biyu akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke juya amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. A sabon tanki babu su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Ke nan wanda ya ga sabon kifinsa ya ƙi ci, ya ƙara watsa abinci, guba yake ƙarawa a ruwan, ita kuma gubar ta ƙara kashe wa kifin sha'awa. Ruwa ba ya tsami banza. Tarwaɗa ma tana ruɗin mai ita, domin tana da wata gaɓa ta shaƙar iska kai tsaye daga sama, sai ta rayu a ruwan da zai kashe karfasa. Mai kiwo ya ga ba ta mutu ba, ya ɗauka ruwan lafiya yake.

Haka nan zafin jikin kifi yana bin zafin ruwa. Da sanyin Disamba da Janairu ya kama, narkewar abinci a cikin tarwaɗa takan yi jinkiri, ta rage ci. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba ya buƙatar maganin kemis. A rage abincin, a bari sai rana ta ɗaga sannan a ba ta. Wanda ya sayo 'ya'yan kifi kuwa, ya bar ledar ta yi iyo a saman tanki kamar minti 20 domin zafin ruwan biyu ya daidaita, kada ya ba su komai a ranar farko. Idan ruwan famfo zai yi amfani da shi, ya bar shi ya kwana a buɗe saboda kulorin.

Na san mai kiwon kasuwa zai ce duk ranar da kifi bai ci ba hasara ce, tunda abinci shi ne ke cinye mafi yawan jarinsa, kuma lokaci yana tafiya. Gaskiya ne. Sai dai abincin da ya nutse ya ruɓe shi ne hasara biyu: kuɗinsa ya tafi, ruwan ya ɓaci.

Ga makarantun sakandare, shawarata ita ce kowane ɗakin gwajin kimiyya ya ajiye akwatin gilashi, amma da kifinmu na gida, irin karfasar da masunta ke kamowa a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. A ba ɗalibai ma'aunin zafi da littafi, su riƙa rubuta zafin ruwa da yawan abin da kifi ya ci kullum, tun daga Nuwamba har Afrilu, su zana jadawali su ga yadda layukan biyu ke tafiya tare. Idan zangon karatu ya ƙare, kada a juye baƙon kifi a kogi ko kududdufi. Manyan 'yan uwan kifin zaki, na jinsin Pterois, an fara ganinsu a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu kiwon ado ne suka sake su. A yau sun bazu a tekun Karebiyan, suna cinye 'ya'yan kifayen da masuntan yankin suka dogara da su.