Biki Babu Amarya

Shekara ba ta ƙarewa sai an kira mu liyafar gidauniya a wani ƙasaitaccen otal, wai domin naƙasassu da masu taɓin hankali da yara masu galahanga. A ci, a sha, sanƙira ya wasa attajiri, attajiri ya yi alkawarin miliyoyi, a tafa. Kashegari ba mai tambayar nawa ya shiga asusu. Waɗanda aka taru dominsu kuwa, hotunansu kaɗai aka gayyata. Gurgu ko ya zo, matakala za ta tsai da kekensa. Alhali tun 1954 Likita Lambo ya saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen Aro, kusa da Abeokuta, ana yi musu magani cikin jama'a.

Mu dai a ganinmu, an mai da hakki sadaka. Dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashiginsu. Wa'adin ya cika a 2024. Wa ya taɓa miƙewa a zauren liyafa ya tuhumi hukuma? Ina fa! Ai wanda za a tuhuma shi ne babban baƙo.