Puskás: Sunan Da Ba A Gada Ba

Duk mai bibiyar ƙwallon ƙafa ya san kyautar Puskás, wadda hukumar FIFA ke bayarwa tun 2009 ga wanda ya ci ƙwallo mafi ƙayatarwa a shekara. Cristiano Ronaldo ne ya fara karɓarta, Mohamed Salah ya same ta a 2018. Amma ma'anar sunan kansa ba kowa ya damu da ita ba, alhali akwai labari a cikinta.

A harshen mutanen Hangari, puska na nufin bindiga, kalmar da su ma suka aro daga maƙwabtansu Silabawa. Idan aka liƙa mata harafin s a ƙarshe, sai ta koma Puskás, ana furta ta "Fushkash". Aikin wannan harafi kamar na "mai" ne a Hausa: mai bindiga, wato sojan da ke riƙe ta, ko maharbi, ko mai ƙera ta. Da za a fassara shi kai tsaye "ɗan bindiga", a wannan zamani namu ba na jin akwai uban da zai so ɗansa ya amsa shi. A can kuwa sana'a ce mai daraja, musamman a ƙarnonin da suka shafe suna gwabzawa da Daular Usmaniyya.

Irin waɗannan sunaye sun cika ƙasar. Kovács maƙeri ne, Szabó tela, Takács masaƙi, Mészáros mahauci. Kuma su sunan dangi suke fara ambata kafin na yanka, don haka a gida Puskás Ferenc ake ce masa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Ferenc bai gaji sunan daga wani kaka maharbi ba. An haife shi a Budapest a 1927 da sunan Purczeld, domin dangin mahaifinsa Jamusawa ne da suka daɗe da zama a ƙasar. A 1937, yana ɗan shekara goma, uban ya sauya sunan gidan. Lokacin Hangari na jinyar raunin yarjejeniyar Trianon ta 1920, wadda ta raba ta da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, kishin ƙasa ya yi zafi, hukuma na matsa wa masu sunayen baƙi su ɗauki na 'yan ƙasa. Mai neman ci gaba a aikin gwamnati ko na soja ya san abin da ake so da shi ba sai an faɗa masa da baki ba.

Akwai masu sunan na gado, irin su Tivadar Puskás, wanda ya rasu a 1893, ɗaya daga cikin magabatan fasahar haɗa layukan tarho. Amma duniya ba ta san sunan ta hanyarsa ba. Ta san shi ta ƙafar hagun yaron da aka sauya wa suna, wanda ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 84 a wasa 85, ya kuma jagoranci tawagar da ta lallasa Ingila 6 da 3 a Wembley a 1953.

A ganina, masu cewa bugunsa mai kama da harbi gadon kakanni ne sun yi gaggawa. Dacewa ce kawai. Ƙasar da ta ƙi jinin sunan Purczeld ita ce yau ta raɗa wa babban filin wasanta na Budapest sunan Puskás.