Biro: Daga Ƙyalle Zuwa Mulkin Tebur

Duk wanda ya ratsa Wapa a Kano ya ga allunan 'yan canji an rubuta "Bureau de Change". Kalmar farkon nan ta Faransanci ce, ana furta ta kusan "biro". Idan mutumin Maraɗi ko Damagaram ya ce maka ya tafi biro, ofis yake nufi. Biron da muke rubutu da shi kuwa sunan mutum ne, Laszlo Biro, ɗan jaridar Hangari da ya ƙirƙiro shi. Sautin ne kawai ya zo ɗaya, amma ba su haɗa komai ba.

Asalin kalmar a tsohon Faransanci wani ƙyalle ne mai kaushi na gashin tumaki, da ake shimfiɗawa a kan teburin rubutu da lissafi. A hankali sunan ya koma kan teburin, daga nan ɗakin da teburin yake, daga ƙarshe ma'aikatar baki ɗaya. Jamusawa da Turkawa da Rashawa duk sun ara, kowa ya lanƙwasa ta daidai bakinsa, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar suka yi.

A tsakiyar ƙarni na 18 aka liƙa mata wata kalmar Girkanci mai nufin mulki, aka samu "bureaucratie", wato mulkin tebur. Ana jingina ƙirƙirarta ga wani masanin tattalin arziki Bafaranshe, Vincent de Gournay, kuma shaguɓe ya yi da ita.

To, mu ɗalibai ai mun san mulkin nan. Takarda ɗaya, sa hannu shida. Ka je wannan tebur a ce "oga bai shigo ba", wancan a ce "dawo gobe". Kafin ka kammala rajista lacca ta wuce ka, kuɗin mota ya ƙare.

Ni ban ce a rushe ofis ba. In babu fayil da tsari, sakamakonka zai ɓace, mai uwa a gindin murhu ne kaɗai zai sha. Abin da nake so a yi ba shi da tsada: kowane ofis ya manna takarda a ƙofarsa, ya faɗi abin da ɗalibi zai kawo, wa zai sa hannu, kwana nawa za a ɗauka, da wanda zai riƙe aikin in mai kujerar ba ya nan. Ya kamata ƙungiyarmu ta kai wannan buƙata gaban hukuma a wannan zangon.