Kunne Ba Mita Ba Ne

Makon jiya na yi kwana biyu a Rimaye, gidan wana. Bayan isha'i muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, janareta na ta ruri a bayan zaure, sai muryar injin ta sauya, ta yi nauyi kamar jakin da aka ƙara wa mangala. Ƙwan fitilar da ke kanmu ya yi ja. Yaya bai ko motsa ba, ya dai juya ya ɗaga murya: "Wa ya jona dutsen guga?" Shiru. Can injin ya dawo hayyacinsa, muka ci gaba da hira.

Na ce, "Yaya, amfiya nawa injin nan yake iya ɗauka?" Ya ce, "Kai dai da tambaya. In ya yi nishi, ai an yi masa yawa." Sau biyu ke nan yana kai shi Kankia wajen mai riwaya a naɗa masa sabon kwayil, kuma har gobe laifin na ɗan China ne da ya ƙera shi.

Haka akasarinmu muke auna wuta daga Kankia har Kusada: da kunne, in abin ya ɓaci kuma da hanci. Alhali kafin inji ya yi nishi, wayar tagullar da ke cikinsa ta daɗe tana gasuwa. Zafin yana cin fentin da ya raba waya da waya a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, sai ranar da ba a ɗora masa komai ba ya yi hayaƙi, a ce tsautsayi ne.

Wani zai ce ai akwai agogo a goshin janareta. Akwai, amma bolt yake nunawa, wato ƙarfin turin wutar, ba yawan wadda gida ke zuƙa ba. Allurarsa za ta tsaya ƙyam a wajen 220 tana yi maka murmushi har sai kaya sun fi ƙarfin inji. Abin da ake buƙatar gani shi ne amfiya, lissafinsa kuma ɗan firamare zai yi. Janareta mai 2.5 kVA bai wuce amfiya 10 zuwa 11 ba, shi ma ba na tafiyar sa'o'i ba. Mai son ya daɗe da injinsa ya tsaya wajen 8. Dutsen guga mai wat 1,000 shi kaɗai ya haura amfiya 4. Ɗan ƙaramin Tiger ɗin nan na masu cajin waya kuwa bai fi amfiya 3 ba, guga ɗaya ta gama da shi. Firiza ita ce munafukar: tana tafiya ba ta cin abin kirki, amma duk sanda kwamfuresa za ta tashi sai ta fizgi ninki uku ko fiye na ɗan lokaci. Haka famfon burtsatse. In suka haɗu a daƙiƙa ɗaya, inji ya shiga uku.

Da can ana iya yin sakaci. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Oktoban 2024 ɗin kuma, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohinmu suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, janaretan da aka saya don ko-ta-kwana ya koma shi ne NEPA ɗin gida. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, jarinta duka yana rataye da wannan kwayil. Injin da ke shan mai a wannan farashi bai kamata a tuƙa shi ido rufe ba. Mitar auna amfiya ce maganin wannan, takan ma tona wata ɓarnar: ka ga ƙaton inji yana ƙona mai dare guda don fanka biyu da ƙwai uku.

Na'urar ba wata tsiya ba ce. Ɗan allo ne mai lambobi kamar akwatin ashana, da zobe da ake zura waya ta cikinsa. Masu kayan wuta a Sabon Gari ta Kano suna da ita, kuma kuɗinta bai kai na riwaya ɗaya ba. Waya ɗaya tak ake zurawa, mai wutar. In aka haɗa da ta biyun, sifili za ta nuna ko da gidan na ci da wuta. A kuma liƙa allon a cikin gida kusa da canjoba inda kowa zai gani, ba a jikin inji ba, tunda shi wurinsa waje ne saboda hayaƙinsa mai kisa. A kira mai gyaran wuta ya ɗaura. Gidan da babu canjoba kuwa, ana cusa wayar janareta a soket, wannan ya fara da canjoban tukuna, don wutarsa na iya komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ke bisa falwaya.

Washegarin hirarmu a Rimaye na matsa wa Yaya muka samo mitar a Kankia, wani yaro ya ɗaura kafin la'asar. Da dare allon na nuna 5, firiza ta tashi ya yi tsalle ya dawo, yara sun yi cirko-cirko suna kallo kamar talabijin. Can wajen ƙarfe tara sai ga 10 ta tsaya cak, inji ya fara nishinsa. Aka leƙa ɗakin mata, dutsen guga na nan a sanyaye ƙarƙashin gado. Aunty, matar Yaya, ta bi waya har turakar maigida, ta fito riƙe da hitar da Yaya ya jefa a bokiti kafin ya dawo hira, ruwan wankansa na tafasa. Ta ce, "Alhaji, shekara biyu ke nan ana zagin gugata."