Tsohon gini shaida ne da ba ya karɓar toshiyar baki

A birnin Landan, kan titin Bow Street, akwai wani gidan shari'a da aka gama ginawa a 1881, zamanin Sarauniya Biktoriya. A nan aka gurfanar da matan da suka yi gwagwarmayar neman ƴancin jefa ƙuri'a, a nan kuma aka saurari batun miƙa Janar Pinoshe ga ƙasar Sipaniya a 1999. An rufe shi a 2006. Ko da yake yana tsakiyar birni, inda fili ke da ɗan karen tsada, ba a rushe shi ba, don sunansa na cikin rajistar gine-ginen da doka ta hana a taɓa sai da izini. A 2021 aka sake buɗe shi, sashe guda otal, sashen ɗakunan kaso kuwa gidan tarihi. Mai jari ya ci ribarsa, tarihi bai yi asara ba.

To, mu fa? Ba rashin doka ke damunmu ba. Tun ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ke da doka mai lamba 97-022 kan kare kayan tarihi da al'adu. Sai dai doka ba ta kare ginin da ba a rubuta sunansa ba. Ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar fili, da ɗan kasuwar da ke son jera kantuna, ba su da abin dubawa kafin a kawo diga da shebur.

Wani zai ce: ina ruwanmu da barikin Nasara? Amsar tana Birnin Ƙonni. A watan Mayu 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone garin, ta karkashe mutanensa. Daga baya Ƙonni ta zama mazaunin kumandan, wanda ke iya kulle talaka a kaso ba tare da shari'a ba, har aka soke wannan doka da aikin tilas a 1946. Bango da yawa na wancan zamani kakanninmu suka ɗauko ƙasarsa a ka, ba lada. Wanda ya rushe irin wannan gini bai rama wa kowa ba, shaidar zalunci ya shafe. Kuma ranar da jikokinmu za su yi gardama da masu musun abin da ya faru, da me za su kafa hujja?

Ba na Turawa kaɗai ake magana ba. A ƙauyen Yama, cikin gundumar Illela, manomi kuma magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, da ƙasa da itace da gayyar mutanen gari. A 1975 ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, daga baya ya ɗaga hasumiya huɗu, kowace da fasalinta. A 1986 masallacin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan. Tsohon garin Agadas ma ginin ƙasa ne ya sa UNESCO ta shigar da shi jerin kayan gadon duniya a 2013. Abin da duniya ke yabo, mu ne ke ce masa ƙauyanci.

Simintin Malbaza abin alfahari ne, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In aka shafe bangon ƙasa da siminti, laima ba ta samun hanyar fita, sai bangon ya ruɓe daga ciki. Maganinsa yaɓe bayan damina, gyaran indararo, da maginin da ya gaji sana'ar.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, tare da sarakuna da dattawa, su zagaya su rubuta tsofaffin masallatai, fadoji, zauruka da gine-ginen bariki, a liƙa jerin inda kowa zai karanta. Kada a sayar ko a rushe ɗaya daga ciki sai an tuntuɓi ma'aikatar al'adu. Ƴan kasuwa kuma a ba su damar haya da gyara bisa sharaɗi, kamar yadda aka yi a Landan. Wannan aiki bai fi ƙarfin littafi da alƙalami ba. Abin da aka rushe da safe kuwa, ko baitulmali duka aka juye, ba ya dawowa.