Sabuwar Aska Ba Ta Zuwa Da Kaifinta



Duk wanda ke zaune a Ingila ko Amurka ya san kuɗin aski ba na wasa ba ne. Ga kuma reza mai baki uku ko biyar, ta ci kuɗi, ta bar mutum da ƙuraje a wuya, musamman mu masu nannaɗaɗɗen gashi. Shi ya sa wasu samarinmu suka koma wa aska irin ta wanzamai, mai naɗewa cikin ƙota. Sai ɗalibi ya matse kuɗin abinci ya saya, ya ɗora ta a kumatu, ta riƙa tsigar gashi kamar ana figar kaza. Nan take sai ya ce an cuce shi.

Galibi ba cuta ba ce. Kaifin da aska ke fitowa da shi daga masana'anta ya isa yanka takarda, amma sau da yawa bai kai na aski ba. Ko manyan kamfanoni irin su Dovo da Böker na garin Solingen a Jamus, ko Thiers-Issard na Faransa, akan sami askarsu tana buƙatar washi kafin ta hau fuska. Wanzaman gida sun daɗe da sanin haka: askar da ta fito daga maƙera ba ta shiga zabira sai ta bi ta kan dutse da fata.

Sai dai a lura, araha ba ta ado. Akwai askake masu ƙyalƙyali da ake sayarwa da kuɗi kaɗan a intanet, ƙarfensu bai sha wuta yadda ya kamata ba. Irin waɗannan ko shekara za ka yi kana wasawa ba za su riƙe kaifi ba.

In askarka ta kirki ce, ga hanya. Duwatsun washi suna da lamba: ƙaramar lamba dutse mai kaushi, babba mai laushi. Da mai lamba 1000 ake fitar da bakin, har gefen nan biyu su haɗu a layi ɗaya. Nan ne aikin yake. Ka shafa tawadar maka a bakin askar, ka ja ta sau biyu ko uku a kan dutsen. Duk inda tawada ta rage, dutse bai taɓa wurin ba. Kada ka wuce wannan mataki sai askar ta aske gashin hannunka tun daga tsininta har gindinta. Daga nan sai 4000, sai 8000, mai hali ya ƙare da 12000. Duwatsun Japan irin su Naniwa da Shapton sun yi suna, haka ma dutsen nan ruwan ɗorawa na ƙasar Beljiyam.

Kada ka wasa aska kamar wuƙar yankan nama. Jiƙa dutsen da ruwa, ka kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta da bakinta duka suna taɓa dutsen. Tura ta baki na gaba, ba dannawa, nauyinta ya isa. In ka kai ƙarshe, ka juya ta a kan bayanta, ba a kan bakin ba.

A kan fata kuwa akasin haka ake yi: baya ne ke gaba, baki na biye. Ja fatar ta miƙe sosai, ka goga kamar sau 40 zuwa 50 kafin kowane aski. A nan sababbin shiga suka fi yin ɓarna. Mutum ya ɗaga bayan askar sau ɗaya, ko ya bar fatar ta yi sako-sako, sai bakin ya lanƙwashe, ya koma yana zagin kamfani.

Sauran kuma hannu ne. Jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ka sa kumfa mai yawa, ka ja fatar fuskarka da ɗaya hannun. Kada ka tsayar da askar tsaye, kwantar da ita kusa da fata, ka bi inda gashin ya kwanta. Fara da kumatu kaɗai har hannu ya saba, domin aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Wanda kuɗin duwatsu ya fi ƙarfinsa, ya nemi shagon da ke wasa aska kafin ya aiko, ko ya biya gwani ya wasa masa sau ɗaya. Fata kaɗai za ta riƙe masa kaifin wata da watanni.

Abu uku na ƙarshe. Goge ta ta bushe, ka shafa ɗan mai, domin irin ƙarfenta na saurin tsatsa. In za ka je gida hutu, sa ta a babban akwati, ba a barin ta a jakar hannu cikin jirgi. Sannan kada ka ara wa kowa, ko abokin ɗakinka ne, domin ciwon hanta yana bin jini a kan aska.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.