Mai tsara fili ba mai shuka fulawa ba ne

Duk wanda ya ce zai yi digiri na biyu a ilimin tsara filaye da shimfiɗar gari, dariya ake yi masa: wai shekara biyu zai ɓata yana koyon shuka fulawa. Masu wannan dariya su je Kartum su gani.

A farkon shekarun 1960 an kafa wani gandun itatuwan turare a kudancin birnin, ana shayar da shi da ruwan ƙazantar gari bayan an tace. Dabara ce ta jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an sama wa ƙazanta mafita, an kuma gina katangar ganye gaban habub, guguwar ƙurar nan da ke mai da rana dare. Daga baya aka sare gandun, aka yanka filaye. Wanda ya sa hannu a takardar ya ga fili ne zaune banza, don ba a koya masa karanta iska ba.

Ruwa ma haka. A watan Agustan 1988 an tafka ruwan sama da ya haura milimita 200 cikin kwana guda, gidajen laka suka narke. A 2020 Shuɗin Nilu ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba. Kwaruruka irin Abu Anja a Umdurman hanyar ruwa ce tun fil azal, ruwa kuwa ba ya mance gidansu. Dajin Sunut na bakin Farin Nilu, a da galibinsa bagaruwa ce, itacen da ke jure tsayuwa cikin ambaliya har ruwa ya janye. Sanin inda za a bari a buɗe, da gangaren ƙasa, da itacen da ya dace da ita, shi ne karatun da ake rainawa. Injiniya ya san gada, mai zanen gini ya san bene, to wa ya san abin da ke tsakaninsu?

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ragargaza birnin, kuma za a sake gina shi. 'Yan kwangila da siminti ne za su riga kowa zuwa. In ba a tura matasan Sudan wannan karatu tun yanzu ba, za a sake dasa gidaje a bakin kwari. Mu ma kada mu saki baki: a tambayi mutanen Kano ina kududdufan cikin Birni suka tafi, da inda ruwansu ke kwana yanzu idan damina ta kankama.